Kalandar ƙungiya wadda ba ta hannun Google, akwai?

Ɗan Garwa:
Salama alaikum jama'a. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu, mun kai mutum 60, komai a guruf na WhatsApp muke sanarwa, suna, ɗaurin aure, taron wata, zubin adashi, amma kan kace me sanarwar ta nutse cikin gaisuwar juma'a da bidiyoyi, sai mutum yazo yace wai bai gani ba. Wani yace muyi Google Calendar, dattawa suka ce a'a, ranar da wane zai kwashi adashi ba abin ajiyewa wajen baƙo bane. To akwai wadda zamu riƙe da kanmu?

Injiniya Marwa:
Wa alaikumus salam. Akwai, manhajar Nextcloud, kyauta ce, a Jamus aka fara ta 2016. Ana ɗora ta kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, kowa da sunansa da kod ɗinsa na shiga. Masu iPhone basu buƙatar ƙarin komai don wayar ta san CalDAV, wato hanyar da waya ke bi ta ɗauko kalandar, masu Android su sa manhajar DAVx5. In kalanda kawai kuke so wata manhajar, Radicale, tafi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Baban Hafsa:
Injiniya ka manta da wuta. Na gwada a shagona, ana ɗauke wuta ko rezo, wato intanet, ya tafi shikenan, abin da ya riga ya sauka a waya yana nan amma sabo baya shiga, ga zafin Afrilu sama da digiri 40 na'urar kamar ka soya ƙwai a kai. Daga baya serba na kama haya a Faransa, wato kwamfutar wani kamfani da ake ɗora manhajar a kai, in ka samu ta yuro 5 a wata wajen sefa jaka 3 da ɗari 3 kenan, sai dai fa kaya sun koma ɗakin wani, kai dai makulli ke hannunka.

Hajiya Kusuri:
Ɗana, ni ba Google nake tsoro ba, Google bai san ƙofar gidana ba. Wanda ke cikin guruf ɗin shi ya sani. Ku raba biyu, ta biki da ta'aziyya kowa ya gani, ta adashi masu zubi kaɗai, kuma kar a rubuta yawan kuɗi.

Ɗan Garwa:
Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Injiniya ana iya raba su haka?

Injiniya Marwa:
Sosai, kowace kalanda kai zaka zaɓi masu gani da masu gyarawa. Amma ku samu mutum biyu da suka san kod ɗin admin, kar kayi tafiya Injamena a rasa mai canza ranar taro in an ga watan sallah.