Oba-oba a cikin mota: wa zai ɗaura mini, me kuma zan gaya wa direbobi?

Alhaji Garba Mando: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina nan Kaduna, ina da Kanta uku da ke ɗauko mini masara da waken soya daga wajen Giwa da Saminaka. Rashin sabis a hanya ya ishe ni, sai ka kira direba sau goma ba ta shiga. Wani ɗan'uwa ya sayar mini da oba-oba na mota guda huɗu, masu wat 50, uku na motoci ɗaya na sito. Yarona ya ce a jona su a ramin laitar sigari na mota kawai a wuce wurin. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san abin nan ya taimaka.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ka tambaya. Kada a kuskura a sa a ramin laita. Mai wat 50, da zarar an danna za a yi magana, yana jan wutar da ta kai amfiya goma, wani ma ya fi, ita kuwa wayar laita siririya ce, sai ta ɗauki zafi. A ja masa waya mai kauri tun daga batir, a sa fiyus dab da kan batir ɗin. Dalili: idan wayar ta goge a jikin ƙarfe a tsakiyar hanya, fiyus ɗin da ke can bayan rediyon, wato oba-oban, ba abin da zai hana. Inda wayar za ta ratsa ƙarfen gaban mota a sa mata roba. Sannan kafin komai a duba wutar motar. Yawancin rediyon nan na bolt 12 ne, Kanta da yawa kuwa batir biyu ne a jere, bolt 24. Ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Akwai ɗan akwatin da ke rage wutar, a saya har da shi.

Baban Hanifa: Injiniya ya faɗi gaskiya, ni na ɗanɗana. Wani mai wayarin ya ɗaura mana a Hilux ɗin wurin aikinmu, ya ratsa wayar ta ƙarƙashin kafet ba fiyus ba komai, ya naɗe da salatif. Wata biyu lafiya lau. Ran nan muna gangarowa daga gadar Kawo sai na ji ƙaurin roba, na ɗauka birkin tirelar gabanmu ne. Ina duba ƙafata sai ga hayaƙi siriri yana fitowa ta gefen kujera. Allah ya sa akwai sifana mai lamba goma a aljihun ƙofa, muka cire kan batir. Kafet ɗin har yau da tabon ƙuna kamar an ɗora dutsen guga.

Alhaji Garba Mando: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa. To yaron nan da ya ja mini asara.

Malam Sani Direba: Ranka ya daɗe, masu waya sun yi nasu, bari in yi na sitiyari, shekarata ashirin da ɗoriya a kai. Abin da ke kashe direba ɗauke ido ne. Oba-oba ya fi wayar hannu sauƙi, ba lambar da za ka danna, amma shi ma hannu ɗaya yake ci. A kafa maƙalin abin maganar inda hannu zai kai ba sai an duba ba, kamar yadda kake kai hannu giya a cikin duhu. Igiyar nan mai lanƙwasa kada ta bi ta kan sitiyari ko sandar giya. Na taɓa ganin ta naɗe wa yaro giya a shataletale, yana ja tana ja. In abin maganar ya faɗi ƙasa, a bar shi a nan har a tsaya, sai dai in ya gangara wajen birki, to a nemi gefe nan take. Sauya tasha da murɗa ƙara duk a yi su kafin a tayar da mota. Kuma tunda kowace Kanta da yaron mota, shi ya riƙa amsawa mana. Direba ya ji da kunnensa, ya tuƙa da hannu biyu.

Wani abu kuma Alhaji, kada ka yi fushi. Ku masu kaya ku ne ke sa yara ganganci. In ka kira bai amsa ba, ka ɗauka yana wuce tirela ne ko yana cikin ramukan hanya. In ya san za ka yi faɗa, zai amsa ko a kan kwana yake.

Alhaji Garba Mando: Na karɓa Malam Sani. Wannan da ni kake, ban musa ba.

Ummu Khalil: Ni tambayata ta doka ce. ’Yan Road Safety da KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, ba sa kamawa?

Malam Sani Direba: Hajiya, waya a kunne ana tuƙi laifi ne sananne a wurin Road Safety. Jami'in da ya hango ka da abu a baki da hannu ɗaya a sitiyari cikin cunkoson Ahmadu Bello Way, ba ka da bakin yi masa gardama. A cikin gari ma me ake da oba-oba, ga sabis ko'ina.

Injiniya Kabiru: Akwai wadda ta fi wannan. Mitar da za ka yi magana a kai ba taka ba ce, gwamnati ke rabawa, kuma sai da lasisi. Alhaji ka bi ta hukumar sadarwa ta NCC ko ma'aikatar sadarwa ta tarayya su nuna maka layin da ya dace da irin aikinka. Rediyon da aka saya a hannun wani yakan zo da tashoshin mai shi na farko a ciki. Ba ka san ko na wane ne ba. A yanayin tsaron da ake ciki, a tsayar da motarka a shingen bincike a ji muryar jami'ai na fita daga dashbod, bayanin zai yi tsawo. A goge su da kwamfuta a sa naka, takardar kuma a ajiye kwafi a kowace mota.

Danladi Kakuri: Ba wanda ya taɓo eriya. A tsakiyar rufin mota take fi aiki, don ƙarfen rufin na taimaka mata. Kuma tana ƙuna, wallahi. Wanda ya riƙe ta ana cikin magana zai ji a fatarsa. Littafin Motorola, kamfanin da ke ƙera irin rediyon nan, cewa ya yi daga wat 40 zuwa sama a bar tazarar santimita 90 tsakaninta da mutum, daga 15 zuwa 39 kuma santimita 60. To ku tuna yadda leburori ke zama a kan buhuna dab da kan mota. In da mutane a sama, a bari su sauka, ko a rage ƙarfin rediyon, ai ana iya saita shi ƙasa. Kada kuma a danna magana ba eriya a jone, cikin rediyon ne ke ƙonewa. Mai ɗaurawa ya zo da mitar auna eriya, SWR suke ce mata. In ya ce bai san ta ba, ka sallame shi da kuɗin mota.

Baban Hanifa: A ƙara da wayoyin lantarkin da ke reto a lungunan Rigasa da Tudun Wada. Kanta dama doguwa ce, ka ɗora mata eriya a kai.

Danladi Kakuri: Shi ya sa gajeriya ta fi. Rediyon iri-iri ne: eriyar wanda ake kira VHF kamar rabin mita ce, ta UHF ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba sosai. Mai maganaɗisu kuwa ban yarda da ita a hanyar Saminaka ba, reshe ɗaya zai share ta.

Injiniya Kabiru: Wurare biyu a kashe rediyon gaba ɗaya: gidan mai lokacin da ake zuba mai, da wurin fasa dutse inda ake aiki da nakiya. Duk littafin rediyo da na taɓa buɗewa sai da ya faɗi wannan. A ƙananan motoci kuma kada a kafa shi a gaban jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo, don za ta harbo shi a fuskar mutum ne. Wayar eriya ta yi nesa da ƙwaƙwalwar mota. Saman dashbod ma ban so, ranar Maris da Afrilu a garin nan ta isa ta dafa shi.

Abu Rigachikun: Alhaji, ni abin da zan ce ka riƙe shi da kyau. Oba-oba ba shi da sirri. Duk mai irinsa da ya laluba ya faɗo mitarka yana jin ku tas, kai ba ka san yana nan ba. Mu da muke bin hanyar Birnin Gwari a ayari, ba a cewa ga kuɗi a mota, ba a cewa buhu nawa, ba a faɗin inda za a kwana. Motoci lamba muke ba su, garuruwa kuma sunan da mu kaɗai muka sani, muna sauyawa lokaci-lokaci. Magana gajeriya: ka danna, ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya don kada farkon maganar ya yanke, ka faɗi, ka saki. Mai dogon surutu yana toshe layin ne, wanda taya ta fashe masa ba zai samu shiga ba. Lambar 112 da 122 ta Road Safety kuma su zauna a wayar kowa, oba-oba ba ya kiran su.

Alhaji Garba Mando: To daga sito a Mando zan ji su har Saminaka?

Abu Rigachikun: Ina! Wanda ya sayar maka bai faɗa maka ba ke nan. Abin nan kusan sai inda eriya ke hangen eriya. Mu da muka gwada da doguwar eriya a kan bene, Maraban Jos ras muke ji, ana wuce Jaji sai shuuu. Ta gabas kuma ga duwatsu. Sai dai in za ka yi hayar na'urar da ke karɓa ta sake watsawa daga kan hasumiya. Amfaninsa a wurinka shi ne motocin su riƙa tafiya tare suna jin juna.

Ummu Khalil: Akwai masu sim a ciki, su suna kaiwa ko'ina.

Abu Rigachikun: Ko'ina da sabis, Hajiya. Shi kuma Alhaji sabis ɗin ne ya gudo.

Alhaji Garba Mando: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na sito zan ajiye shi tukuna, motocin kuma za su riƙa fita bibbiyu. Gobe zan tura a tambayo maganar lasisi. Injiniya, in kana gari ranar Asabar zan kawo Kanta ɗaya ka tsaya a kan mai wayarin.

Injiniya Kabiru: Ina nan bayan azahar in sha Allah. A taho da rediyon duka huɗu da eriyoyinsu, kuma yaron nan mai maganar laita ya biyo motar, shi zai riƙe mana fitila a ƙarƙashin dashbod.