Ɗana zabiya ne, rana na cin fatarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Mabera nake. Ɗana zabiya ne, shekararsa 7. Tun zafin Afrilu wasu tabo masu kaushi suka fito masa a ƙeya da saman kunne, ɗaya har ya yi ɓawo. Kakarsa ta ce a shafa man kaɗe, zai wuce. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mi ya kamata in yi?

Malamin kimiyya, Arkilla: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da gaskiya. Kowace ƙwayar fata na ɗauke da DNA, rubutun da ke tafiyar da aikinta, mai haruffa kusan biliyan 3, a zare biyu da ke murɗe da juna. Rana mai ƙarfi takan manne haruffa biyu maƙwabta. Sai wasu sunadarai masu sintiri su gano wurin, su farke kimanin haruffa 30, su kwafo daidai daga ɗaya zaren su cike, kamar tela mai gyaran ɗinki. Aziz Sancar ɗan Turkiyya ne ya fayyace wannan, ya samu kyautar Nobel a 2015 tare da wasu masana biyu, Lindahl da Modrich. In ɓarnar ta yi yawa, wani sinadari mai suna p53 ya hana ƙwayar rabuwa, ko ya sa ta mutu. Kuskuren da ya tsere wa gyara shi ke zama dindindin, in ya taru ya kai ga ciwon daji. Masu gyaran ɗanki lafiya lau suke, launin da ke kare fata ne babu, sai aiki ya fi ƙarfinsu.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo: Yaya, ki kai shi wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo, wannan mai ɓawon kada ya kai wani wata. Man kaɗe na laushin fata ne, ba ya tare rana. Ki nemi man shafawa na kariya daga rana mai lamba 50 (lambar ƙarfin kariyarsa), da riga mai dogon hannu, da malfa mai faɗi. Hula ba ta rufe kunne.

Wata uwa: Nawa yaron, na roƙi malaminsu ya ɗauke shi daga bakin taga, kuma daga 10 na safe zuwa la'asar ba ƙwallo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malfar babansa na gida, tun yau zai fara sa ta. Litinin za mu asibiti in sha Allahu.