Shin Yawan Kofuna Ne Ke Nuna Gwanin Gwanayen Ƙwallon Kwando?

Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in ajiye wata magana a gabanku, duk wanda yake da ja sai ya kawo hujjarsa. Idan ana neman wanda ya fi kowa a tarihin ƙwallon kwando, ma'auni ɗaya ne ya kamata a ɗauka, wato kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, nawa mutum ya ci, kuma me ya yi a ranar da ake neman kofin. A bisa wannan ma'auni Michael Jordan ba shi da na biyu, domin sau 6 ya kai ƙungiyar Bulls zagayen ƙarshe, daga 1991 zuwa 1993 da kuma daga 1996 zuwa 1998, sau 6 ya ɗauki kofin, sau 6 aka zaɓe shi gwarzon zagayen, kuma ba a taɓa jan sa zuwa wasa na 7, wato wasan raba gardama, a wannan mataki ba. LeBron James kuwa sau 10 ya je, 4 kaɗai ya ci.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ma'aunin da ka kafa da hannunka shi ne zai fara kayar da gwaninka. Bill Russell ya buga kaka 13 a ƙungiyar Celtics, ya ci kofi 11, har da 8 a jere daga 1959 zuwa 1966. Robert Horry ma, wanda babu mai sa shi a sahun farko, kofi 7 gare shi, ya fi Jordan da ɗaya, alhali Karl Malone da Charles Barkley ba su da ko guda. Idan ƙidayar kofuna ce hukunci, to dole ka yarda Russell ne na ɗaya, Horry kuma ya fi Malone, kuma na san ba za ka yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ɗalibi: Malam, zamanin Russell ba abin kwatantawa ba ne. Ƙungiyoyi 8 ne kacal a gasar lokacin da ya fara, kuma zagaye biyu kawai Celtics ke wucewa a yawancin shekarun ta ɗauki kofi. Jordan ya ci nasa ne a gasa mai ƙungiyoyi 27, daga baya 29, yana tsallake zagaye 4 kowace shekara.

Dattijo: Ɗana, ka ga da bakinka ka fara ƙara wa ma'aunin sharaɗi, domin yanzu ka koma cewa kofi ma suna ya tara. Wannan ita ce maganar da ya kamata a tsaya a kanta. Sai dai ƙarancin ƙungiyoyi yana da fuska biyu. Idan gurabe kaɗan ne, gwanayen da ke akwai sukan taru wuri ɗaya, kuma babu daren hutu. Russell ya kara da Wilt Chamberlain fiye da sau 140, mutumin da ya fi shi tsawo da ƙarfi, wanda ya taɓa tsintar ƙwallo 55 da suka ƙi shiga kwando a wasa ɗaya a shekarar 1960, kuma a gaban Russell ɗin ya yi hakan. Duk da haka Chamberlain kofi 2 ya ci a rayuwarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake auna Russell da alƙaluman da ba a rubuta a zamaninsa ba. Babbar sana'arsa ita ce kaɗe ƙwallo a sama kafin ya kai kwando, kuma yakan kaɗe shi ne zuwa hannun abokin wasansa domin a juya da gudu, amma NBA ba ta fara ƙidayar wannan aiki ba sai a kakar 1973 zuwa 1974, bayan ya ajiye takalmi da shekara 4. Kyautar gwarzon zagayen ƙarshe da kake ƙirga wa Jordan, a 1969 aka ƙirƙiro ta, shekarar Russell ta ƙarshe, kuma yau sunansa kyautar ke ɗauke da shi. Idan kuma ana son ganin nauyinsa, a duba cewa Celtics ba ta taɓa cin kofi ba kafin zuwansa, sannan a kakar da ta biyo bayan tafiyarsa wasa 34 kawai ta ci cikin 82, ba ta ko shiga wasannin neman kofi ba. Kofuna biyu na ƙarshe, a 1968 da 1969, ya ci su ne yana ɗan wasa kuma yana koci, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA.

Hajiya: Baba ya yi gaskiya, ni kuma ina so in taɓa wannan lissafi na 6 cikin 6 da ake ta yawo da shi, domin akwai rashin adalci a cikinsa. Jordan bai fara wasa a 1991 ba, ya fara ne a 1984. Celtics ta fitar da shi a zagayen farko a 1986 da 1987 ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba, duk da maki 63 da ya zuba a Boston a 1986, sannan Pistons ta tare masa hanya shekara 3 a jere, 1988 da 1989 da 1990. Waɗannan faɗuwa ba sa shiga lissafin saboda sun faru kafin zagayen ƙarshe. LeBron kuwa, wanda ya ja Cavaliers zuwa zagayen ƙarshe a 2007 yana ɗan shekara 22, kuma ya je zagayen sau 8 a jere daga 2011 zuwa 2018, ana ƙirga masa kowace faɗuwa a matsayin abin kunya. Ta yaya wanda ya faɗi a matakin farko zai fita da tsabta, wanda ya kai matakin ƙarshe ya faɗi kuma ya fita da tabo? A 2016 ya dawo daga rashin nasara 3 da 1 ya doke Warriors, ƙungiyar da ta ci wasa 73 a kakar, abin da ba a taɓa yi a zagayen ƙarshe ba.

Ɗalibi: Hajiya, me za ki ce game da 2011? Yana tare da Dwyane Wade da Chris Bosh a Heat, Mavericks ta doke su, shi kuma maki 8 kacal ya ci a wasa na 4. Ki nuna mini zagayen ƙarshe guda ɗaya da Jordan ya ɓace haka.

Hajiya: Babu shi, ƙanena, kuma wannan tabo ne na gaske da ya kamata a ɗora a sikeli. Amma a ɗaya gefen sikelin a ɗora cewa a watan Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, tarihin da ya kusa shekara 40 babu wanda ya taɓa shi, a Maris na 2024 kuma ya haura 40,000. Mako biyu na rashin kataɓus ba za su share shekara 20 na ƙwazo ba.

Malamin Lissafi: A nan zan ja wa ɓangarorin biyu birki, domin jimillar maki ma tana da tata matsalar. A kakar 1961 zuwa 1962 Chamberlain yana cin maki 50.4 a kowane wasa, ya ci 100 a dare ɗaya a kan Knicks ranar 2 ga Maris 1962, Oscar Robertson kuma ya kammala kakar da matsakaicin da ya haura 10 a fanni uku, wato cin maki da tsintar ƙwallo da miƙa wa abokin wasa ya ci. Amma a wannan kaka kowace ƙungiya tana cin kusan maki 119 a wasa, saboda ana gudu ana jifa babu kakkautawa, ƙwallayen da ke ƙin shiga ma sun yi yawa, don haka masu tsinta suka samu abin tsinta. A kakar 1997 zuwa 1998, wadda Jordan ya ci kofinsa na ƙarshe, matsakaicin bai kai 96 ba. Kwatanta waɗannan alƙaluma kai tsaye daidai yake da kwatanta albashin 1970 da na yau ba tare da an tambayi farashin buhun hatsi a kowane lokaci ba.

Ma'aunin da nake ganin ya fi tsayuwa shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan wasa da tsararrakinsa, waɗanda suka buga da doka ɗaya, da takalmi iri ɗaya, da wahalar tafiya iri ɗaya. Abin lura kuwa, ƙanena, shi ne wannan ma'auni ya fi ƙidayar kofuna kare gwaninka. Jordan ya fi kowa cin maki a kaka 10, kuma a 1988 ya haɗa wannan da kyautar gwarzon kaka da ta gwarzon mai tsaro a shekara guda. Matsakaicinsa na maki 30.1 yana hawa zuwa 33.4 a wasannin neman kofi, inda na yawancin 'yan wasa ke sauka. Waɗannan aikin hannunsa ne shi kaɗai, kofi kuwa sai da Scottie Pippen da koci Phil Jackson suka samu.

Koci: Malam, na yarda da rabin maganarka, amma mu da ke tsaye a bakin fili akwai abin da muke kallo wanda takarda ba ta ɗauka. Tambayar da nake yi ita ce, me wannan ɗan wasa ya tilasta wa abokan karawarsa su canza? Saboda Chamberlain aka faɗaɗa filin da ke ƙarƙashin kwando daga ƙafa 12 zuwa 16 a 1964. A 1967 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta haramta dankara ƙwallo cikin kwando da hannu a lokacin da Kareem ke jami'ar UCLA, sai ya ƙara goge jifansa na ƙugiya wanda kusan babu mai iya tare shi. Stephen Curry ya jefa ƙwallo 402 masu maki uku a kakar 2015 zuwa 2016, kuma tun daga nan dogayen 'yan wasa masu nauyin ƙafa suka fara rasa gurbi, saboda dole mai tsaro ya fito nesa da kwando. Dokokin ma sun sha bamban: layin maki uku ya shigo NBA ne a 1979, an halatta tsaron yanki a 2001, an tsananta hana dafa mai ƙwallo da hannu a 2004. Jordan ya sha dafa da ture, amma ba a yarda a jibge masa mutane a yanki ɗaya ba, LeBron kuwa ya samu akasin haka.

Sannan ina mamakin yadda har yanzu babu wanda ya ambaci Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda aka ɗauka na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 1984, Jordan yana na uku. Ba don ɗan ƙasarmu ne na kawo shi ba, sai don shi ne ya fi nuna cewa kofi ya fi kofi nauyi. A 1994 ya ɗauki kofi da Rockets ba tare da wani abokin wasansa ya je wasan taurari a kakar ba, ya kuma haɗa gwarzon kaka da gwarzon mai tsaro da gwarzon zagayen ƙarshe a shekara ɗaya. A 1995 suka shiga a matsayi na 6 a yankinsu, ya fitar da Jazz ta Malone, da Suns ta Barkley, da Spurs ta David Robinson wanda aka ba gwarzon kaka a shekarar, sannan ya share Magic ta Shaquille O'Neal 4 da nema. Ƙwallo 3,830 da ya kaɗe har yau babu wanda ya kamo shi. Kofi 2 irin waɗannan ba zan musanya su da 7 na Horry ba, wanda 2 daga cikin nasa ma a inuwar Olajuwon ya same su. Masu cewa ya ci ne don Jordan ya ajiye wasa a 1993 su tuna cewa Jordan ya dawo a Maris na 1995, kuma Magic ɗin nan ce ta fitar da shi. A tuna kuma cewa Bulls ta ci wasa 55 a kakar da Jordan ba ya nan, ƙasa da 57 na kakar da ta gabata da biyu kawai.

Ɗalibi: Koci, wasa 55 ɗin nan sun ƙare ne a zagaye na biyu a hannun Knicks. Da ya dawo ya buga cikakkiyar kaka, sai ƙungiyar ta ci 72 cikin 82, ta kuma ɗauki kofi 3 a jere. Daga 55 zuwa 72 ita ce tazarar da Malam ke magana a kai, kuma a saman tebur ake samun ta, inda ƙara wasa ɗaya ya fi wuya.

Dattijo: Wannan amsa ce mai kyau, ɗana, ko da yake Dennis Rodman ma a wannan kaka ya zo. Amma bari in tambaye ku duka, me ya sa Kareem ba ya shiga bakin matasa? Kofi 6 gare shi kamar Jordan, gwarzon kaka sau 6, ya fi Jordan da ɗaya, ya buga kaka 20, kuma an zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe a 1971 da kuma 1985, shekara 14 tsakani. Duk ma'aunin da aka kawo a nan yana ciki. Abin da ya rasa shi ne talabijin. Ganiyarsa ta faɗo a shekarun 1970, lokacin da gasar ba ta da farin jini, Jordan kuwa ya zo daidai da yaɗuwar tauraron ɗan'adam, da tallan Nike, da wasannin Olamfik na Barcelona a 1992 da suka kai fuskarsa kowace nahiya. Yawancinmu muna kare wanda muka kalla ne muna samari, sannan mu nemo ma'aunin da ya dace da shi.

Ɗalibi: Baba, ina nan a kan Jordan, kuma hujjata ita ce ganiya. Idan aka ɗauki shekarun da kowane ɗan wasa ya fi ƙarfi aka jera, babu wanda ya kai inda ya kai tsakanin 1988 da 1998, a kai hari da tsaro gaba ɗaya. Daɗewa a fili abin yabo ne, amma tana da alaƙa da likitoci da abinci da jiragen tafiya na wannan zamani.

Hajiya: To sai ka faɗa mana shekara nawa ce ganiya kafin a fara jerawa, domin amsar tana canzawa da adadin. Idan shekara 5 ce, LeBron ya ɗauki gwarzon kaka sau 4 tsakanin 2009 da 2013, tare da kofi 2. Idan 7 ce, Kareem ya ɗauke ta sau 5 tsakanin 1971 da 1977. Idan 13 ce, mun koma ga Russell. Batun likitoci da jirage kuma bai shafi Kareem ba, wanda ya ci kofinsa na ƙarshe a 1988 yana da shekara 41, a kakar da Jordan ya fara karɓar kyautar gwarzon kaka.