Mu huɗu ne har da ni a shago, dole sai na rubuta albashi a tallan neman ma'aikaci?

Mai Shagon Bronx: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kayan abincinmu na gida a Bronx, cikin birnin New York a Amurka: manja, garin rogo, busasshen kifi da sauransu. Ni ne, da ƙanin matata, da yara biyu masu jera kaya. Ina neman mai zama kan kanta da yamma, zan liƙa takarda a ƙofa in kuma tura a guruf ɗin WhatsApp na masallaci. 'Yata ta ce sai na rubuta kuɗin awa, in ba haka ba a ci ni tara. Har da mu ƙananan nan? Kuma ni mai shago ana ƙirga ni?

Direban Dare: Alhaji kwantar da hankalinka, wannan ta manyan kamfanoni ce. Sai ka kai ma'aikata 15.

Malama Akanta: 15 ɗin nan ta jihohin Kalifoniya da Illinois ce. A birnin New York huɗu ne, tun 1 ga Nuwamba 2022, jihar New York ta biyo baya a Satumbar 2023. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birni tana ƙirga mai wurin a cikin huɗun, kuma takardar bango ma talla ce. 'Yarka ta yi gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai dokar nan ba ta tsinana mini komai ba. Wani sito ya rubuta dala 18 zuwa 27 a awa. Na shiga bas biyu cikin sanyin Janairu, da takardar shekara tara ina wannan aiki. Mutumin ko kallon takardar bai yi ba, ya ce 18 ce ta sabon shiga. Na karɓa saboda haya ta taho. Wata huɗu ina ɗaga kwali har bayana ya riƙe, sai na ji yaron da ni na koya wa aiki yana ɗaukar 22. Da na yi magana aka rage mini ranaku, daga biyar zuwa uku. To ina amfanin lambar? Allah ya isa.

Ɗan Nima: Allah ya saka miki, Yaya. Alhaji, tarar fa dala 250,000 ce, shagon da manjan duka ba su kai ba.

Direban Dare: Kai! Dubu ɗaya na ji.

Malama Akanta: Dubu ɗaya iyakar laifin farko ce a dokar jiha. 250,000 ƙololuwar ta birni ce, amma karon farko ba a karɓar ko sisi in ka gyara tallan cikin kwana 30.

Direban Dare: Malama, karatu daban, kasuwa daban. Shekara 20 nake ƙasar nan.

Ɗan Nima: Shekara 20 a jihar Ohio dai. Me ya haɗa ka da dokar Bronx?

Baban Zango: Alhaji rubuta kawai: daga dala 17 zuwa abin da Allah ya hore, da waakye, shinkafa da waken Ghana, kyauta ran Juma'a.

Malama Akanta: Baba, ko da wasa kar ya yi. Sai da ƙasa da sama, ba a yarda da "17 zuwa sama" ba.

Baban Zango: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ka sa lamba a guruf, gobe ta isa Kumasi. Ɗan wana ya ga irin wannan talla, ya buga awa da wata, ya juya zuwa sidi, kuɗin Ghana, ya kira ni wai me ya hana ni gama masa ginin ɗaki. Bai cire haraji ba, bai cire haya ba.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi! Nawa a Maradi har kuɗin ragon layya sun yanka mini tun azumi bai kama ba.

Mai Shagon Bronx: Na gode, amma ƙanin matata fa ba albashi nake ba shi ba, a gidana yake ci yake kwana. Shi ma yana cikin huɗun?

Ɗan Nima: Ashe kai ma akwai zance, Alhaji. Maman 'Yan Biyu, nawa suka ce ragon?