Wata bakwai ina jiran rancen gida, mai gidan kuma ya fara ƙosawa: mece ce mafita?

Mai tambaya, mazaunin Kabuga

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar rancen gida, musamman ma'aikatan banki da lauyoyi da duk wanda ya taɓa bin wannan hanya har ya ga ƙarshenta. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kano, shekarata 11 a bakin aiki, kuma tun albashina na farko ake cire mini kashi 2.5 cikin 100 zuwa asusun gidaje na ƙasa, wato NHF. Ina zaune a gidan haya da matata da 'ya'ya huɗu.

Wata bakwai da suka wuce dillali ya kai ni wani ƙaramin gida mai ɗaki uku a Rijiyar Zaki, muka daidaita da mai shi a kan naira miliyan 14. Na ba da kafin alƙalami na miliyan 2, wanda rabinsa daga adashi ya fito, ragowar kuma maiɗakina ce ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal. Daga nan na nufi wani bankin ba da rancen gidaje domin su nema mini sauran. Na kai musu takardar albashi ta wata uku, da bayanan asusuna, da wasiƙa daga wurin aikina, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da kwafin satifiket ɗin gidan, sannan na biya mai ƙimanta gida daga aljihuna ya je ya auna ya rubuta rahoto.

Sai da aka yi wata biyu aka kira ni cewa sunan mahaifina a BVN da harafin "u" aka rubuta shi, a NIN kuma da harafin "o", dole in je in gyara. Na gyara. A wata na huɗu aka ce lauyan banki ya lura sunan da ke kan satifiket ba na mai sayarwa ba ne, na mahaifinsa ne da ya rasu, alhali kwafin nan yana cikin fayil ɗina tun ranar farko. Yanzu kuma an ce rahoton ƙima da bayanan asusuna sun tsufa, sai na kawo sababbi. Mai gidan ya ce in ƙarshen watan nan ya yi bai ga kuɗinsa ba, ko in ƙara masa miliyan 2 ko ya sayar wa wani, ga kuɗin hayata saura wata biyu ya ƙare. Shin haka abin yake ga kowa, ko nawa ne ya zo da matsala? Idan cinikin ya rushe, zan iya karɓar kafin alƙalamina? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohuwar ma'aikaciyar sashen ba da rance

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo maka sauƙi, ya saka wa maiɗakinka da alheri. Na yi shekaru a kan irin wannan teburin kafin in ajiye aiki, saboda haka zan gaya maka yadda fayil yake tafiya a ciki.

Reshen da kake zuwa ba shi ke yanke hukunci ba. Shi dai yana tattara takardu ya aika hedikwata, inda sashen shari'a zai duba takardun gida, kwamitin rance kuma ya duba albashinka, bayan nan ne ake miƙa buƙatar ga bankin gidaje na tarayya, FMBN, wanda shi ke riƙe da asusun NHF da dokar 1992 ta kafa. FMBN yana ba bankin naka kuɗin a kan kashi 4 cikin 100, shi kuma ya ba ka a kan kashi 6, kuma idan ka gaza biya wuyan bankin naka za a kama. Wannan ne ya sa suke tsananta bincike a kan takardar gida fiye da komai, domin ita kaɗai ce abin da za su riƙe. Amma ba zan wanke su ba. Wanda ya karɓi fayil ɗinka ya kamata tun ranar farko ya ɗora sunan mai sayarwa a kan sunan da ke satifiket ya ga ba su zo ɗaya ba. Aikin minti biyu ne, ya ci maka wata huɗu, kuma wannan sakaci ne ba ƙa'ida ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ba su san takardun nan kashi biyu ba ne. Akwai masu tsufa da wuri, kamar takardar albashi da bayanan asusu da rahoton ƙima, akwai kuma masu ɗaukar lokaci kafin su fito, wato duk abin da ya shafi mallakar gida. Mutum zai yi gaggawar tara na farko domin su ne masu sauƙi, ya zauna jiran na biyu, kafin su fito na farkon sun mutu, sai a sake biyan kuɗi. Na sha ganin wanda ya biya mai ƙima har sau uku a kan gida ɗaya. Saboda haka kada ka sabunta komai yanzu. Ka bari sai maganar gado ta warware, lauyansu ya ce ya gamsu, sannan ka sabunta sauran a mako guda.

Ka rubuta wa manajan reshen wasiƙa ka nemi a ba ka cikakken jerin abin da ya rage a rubuce, ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Maganar baki da ta waya ba ta shiga fayil. Idan aka ci gaba da yi maka shiru, ka shigar da ƙorafi a rubuce a bankin, in ba su warware ba Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ka kuma nemi rahotonka na bashi daga CRC ko FirstCentral, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, tun yanzu, domin ɗan rancen waya da mutum ya manta, ko tsaya wa wani da ya yi bai biya ba, kan fito a matakin ƙarshe ya tsayar da komai.

Abu biyu kuma da ba a cika gaya wa mutane da wuri ba. Ana cewa wa'adin biya yana kaiwa shekara 30, amma kai da ka ci 11 daga cikin 35 na aikin gwamnati, shekarun da suka rage maka za a duba, kuma abin da za a riƙa cira duk wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba. Sannan ka tanadi kuɗi daban na lauya da hatimin gwamnati da rajista da inshora, domin ba sa cikin farashin gida.

Lauya mai harkar filaye, daga Tarauni

Na goyi bayan duk abin da Hajiya ta faɗa, zan ƙara ne ta ɓangaren doka, domin a ganina nan ne ainihin ciwon yake.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ke hannun mai satifiket kuwa haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa haka ya ɓaci. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa, a shari'ar da aka sani da Savannah Bank da Ajilo, kuma tun daga lokacin babu lauyan bankin da zai yarda a saki kuɗi yana da shakka a kan takarda. A naka cinikin matakai uku ne a jere: gida ya fita daga sunan marigayi zuwa magaji, daga magaji zuwa gare ka, daga kai kuma a jinginar wa banki. Kai kana jiran na uku ne, alhali na farko bai kammala ba.

Ka tambayi mai gidan kai tsaye ko an yi rabon gado a kotun shari'a, kuma ko akwai takardar hukunci da ta nuna gidan nan a rabonsa ya faɗo. Idan ba a yi ba, to ba shi kaɗai ke da gidan ba, ko da shi ke riƙe da makulli. Sai kowane magaji ya amince, har matan marigayin da 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, da waliyyin marayu idan akwai ƙanana. A nan Kano mun saba da cinikin da ake yi a zaure gaban mai unguwa da shaidu, kuma yana da daraja a tsakaninmu, amma banki ba ya karɓar sa a matsayin jingina, kamar yadda ba ya karɓar filin awon igiya da ba a nema masa satifiket ba. Ka sa lauyanka, ba na banki ba, ya yi bincike a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ya ga ko satifiket ɗin na gaske ne, ko an taɓa jinginar da shi, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru, ko kuma an sabunta shi a aikin sabunta takardun mallaka da gwamnatin jiha ta fara a ƙarshen 2024. Ka nemi kuma taswirar gini mai amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha.

Maganar kafin alƙalami kuwa ta danganta da abin da kuka rubuta. Idan takardar ba ta ce kuɗin ya tafi in ciniki ya rushe ba, kana da ƙarfin neman abinka, musamman da yake cikas ɗin daga takardunsa ya taso. Amma ban so ka ɗauke shi azzalumi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙasar nan, duk wanda aka ce ya jira kuɗinsa wata bakwai ya san abin da yake asara. Ku zauna da shi da mai unguwa, ka nuna masa cewa ko wa ya sayar wa, muddin mai sayen yana da lauya, maganar gadon nan za ta taso. Sannan ka roƙe shi ka tare a gidan a matsayin ɗan haya kana biyansa har rancen ya fito, a rubuta sabon wa'adi da farashi. Kuɗin da za ka ba mai gidan Kabuga sai ya koma hannunsa, kowa ya sami abin riƙewa.

Wani ɗan'uwa daga Hotoro

Malam, ni ma na taɓa shiga wannan layi, na yi kusan shekara ina kai kawo har takalmina ya san hanyar bankin, daga baya na janye, na sayi fili a Mariri ina ginawa a hankali. Yau shekara biyar ke nan, ɗaki biyu kawai na rufe, saboda haka ba zan ce maka hanyata ta fi ba.

Abin da nake so in tuna maka shi ne batun kuɗin ruwa. Kashi 6 kaɗan ne idan aka kwatanta da bankunan kasuwanci da ke haura kashi 20, amma ƙanƙantarsa ba ta sauya hukuncinsa a wurin malamanmu ba, don haka ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa kafin ka sa hannu. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna nan a gari, Jaiz tun 2012, TAJ kuma tun 2019. A tsarin ijara banki ne ke sayen gidan ya ba ka haya har ya zama naka, a murabaha kuma ya saya ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Sai dai kada ka zaci za su sassauta a kan takardu. Tunda su za su fara mallakar gidan, maganar gado da satifiket da amincewar gwamna duk suna nan yadda Barista ya faɗa, kuma abin da za ka biya duk wata zai iya fin na NHF nauyi.

Mai tambaya, mazaunin Kabuga

Hajiya, Barista, da ɗan'uwana na Hotoro, na gode ƙwarai, Allah ya biya muku bukatunku. Jiya bayan la'asar na sami mai gidan a ƙofar shagonsa, na yi masa tambayar da Barista ya ce. Ashe an yi rabon gado a kotu shekara shida da suka wuce, gidan kuma a rabonsa da na wata ƙanwarsa ya faɗo tare. Ita tana aure a Zariya, ba a taɓa neman sa hannunta ba, takardar hukuncin kuma tana cikin akwatin babban wansu a Gwammaja. Da ya gane ba ni ne na riƙe cinikin ba, sai ya sauko, ya ce zai kira ta, kuma bai ƙi maganar haya ba, ya dai ce sai ya shawarci yayan nasu. Mun sa ranar Asabar mu haɗu a gidan mai unguwa.

Na rubuta wasiƙar manaja kwafi biyu, ranar Litinin zan kai, kuma na dakatar da mai ƙima kamar yadda Hajiya ta ce. Maganar kuɗin ruwa ta tsaya mini a rai, zan kai ta wurin limamin masallacinmu a wannan makon. Barista, idan ƙanwar tasa ba za ta sami zuwa Kano ba, shin takardar wakilci da za ta ba wanta ta wadatar, ko dole sai ta zo ta sa hannu da kanta?