Neman Shawara: Na Kamo Siginar Ostareliya a Tudun Wada, Amma Hoton da Na Ɗauka Ba Ya Karantuwa

Mai tambaya, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na fara sauraren masu rediyon sha'awa da RTL-SDR, 'yar na'urar kama rediyo da ake haɗawa da kwamfuta, eriyata kuwa waya ce kawai da na ja daga saman ɗaki zuwa darbejiyar ƙofar gida. Sauraro nake yi, ban da lasisin aikawa. Shekaranjiya bayan sallar asuba, wajen 6:40, ina kan zangon mita 20 a 14.074 MHz sai WSJT-X, manhajar da ke fassara saƙonnin rediyo zuwa rubutu, ta fito da wata tasha da lambarta ta fara da VK, ƙarfinta -22, wato mai rauni ƙwarai. Ostareliya ke nan, sama da kilomita 12,000 daga Zariya! Jikina na rawa na ɗauki waya na ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ko minti biyu ba a yi ba aka ɗauke wuta. Da na duba hoton, ratsi-ratsi ne duk, lambar ba ta karantuwa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Don Allah yaya kuke adana irin wannan? Kuma akwai dabarar da kwamfuta za ta riƙa ɗaukar hoton da kanta ina barci?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton ba ka yi asarar komai ba. WSJT-X tana rubuta duk saƙon da ta fassara nan take a wani fayil mai suna ALL.TXT, ko ka sa ta ko ba ka sa ta ba. Shiga File, ka danna Open log directory, za ka gan shi. Sai dai ka lura, agogon ciki na UTC ne, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Kada ka nemi 6:40, nemi layukan 0540.

Wata ɗaliba daga Kongo: Yaya, batun hoto kuma, daina ɗauka da waya. Danna maɓallin Windows tare da PrtScn, hoton zai tafi kai tsaye cikin foldar Screenshots a matsayin PNG. Bar shi a PNG ɗin. JPG yana matse hoto, kuma abin da yake fara gogewa shi ne siririn layin nan mai dishi-dishi da kake alfahari da shi. Haka in za ka turo mana ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai dagula shi.

Tsohon injiniya, Sabon Gari: Ɗana, na yi murna da wannan kamu naka. Abin da 'yan'uwanka suka faɗa daidai ne, amma bari in ƙara maka abin da ya fi damuna da hotunan da matasa ke turowa. Mutum zai yanko layi ɗaya ya ce ga Japan, ga Brazil, babu kwanan wata, babu zango, babu komai. An ce gani ya kori ji, to amma a ga me? Hoton da zai amfane ka bayan shekara biyar dole ya nuna lokaci da UTC, da lambar zangon da ka murɗa, da allon launukan nan mai kwararowa ƙasa, da ma'aunin da ke samansa. Sunan fayil ma ka fara shi da shekara, wata, rana, sannan lokaci da mita, ka ƙare da JK31, wato murabba'in da Zariya take a taswirar masu rediyo. In ka yi haka hotunan za su jeru da kansu.

Sannan hoto shaida ce ta ido kawai. Ainihin abin shi ne sautin. A ƙarƙashin Save ka zaɓi Save decoded, za ta ajiye maka sautin kowane zagaye na daƙiƙa 15 da aka fassara wani abu a cikinsa, kowanne kimanin KB 360. Gobe kana iya buɗe shi ka sake fassarawa, ka ɗauki hoto a natse yadda kake so. Save all kuwa tana cin wajen GB 2 a kwana ɗaya, kada ka bar ta a kunne ka manta. Joe Taylor da Steve Franke da suka fito da FT8, salon saƙon da ka kama ɗin nan, a 2017 sun tsara ta ne don ta tsamo saƙo daga ƙarƙashin shuu ɗin da kunne ba ya jin komai a ciki, iyakarta kuma wajen -21 ce. Ka ga naka -22 a bakin gaɓa yake. A irin wannan wuri akan sami fassarar ƙarya jefi-jefi, shi ya sa nake nanata sautin.

Ɗan Samaru: Baba ya yi gaskiya. Nan gaba da ka ga irinta, leƙa PSK Reporter, shafin intanet mai nuna tasoshin da masu sauraro suka ji, a ranar, ka ga ko wasu sun ji tashar a daidai lokacin. Taswirarsu ba ta wuce awa 24 baya.

Mai gyaran rediyo, PZ: Kan tambayarka ta biyu, ai akwai masu yin haka dare da rana, su ne 'yan QRSS. Mos ne, wato saƙon ɗigo da ja, mai tsananin jinkiri, ɗigo ɗaya kan kai daƙiƙa 6, ana aiko shi da ƙarfin da sau da yawa bai kai rabin wat ba. Ba a jin sa, da ido ake karanta shi. Je ka mita 30, kusa da 10.140, ka sa manhajar Argo ko Spectrum Lab, duka biyun suna iya ajiye hoto da kansu. Saita su kan minti 10-10, domin yawancin masu aikowa duk minti 10 suke maimaita lambarsu. Daɗin abin, in agogonka daidai yake, kana iya ɗora hotuna biyar ko shida a kan juna: shuu ɗin yana sauyawa sai ya dushe, siginar tana wuri ɗaya sai ta fito. Ranar da na fara ganin haruffa sun bayyana ta wannan hanya na daɗe ina kallonsu. Amma ka tabbata na'urarka mai TCXO ce, wato abin da ke hana zangonta gocewa in zafi ya sauya, in ba haka ba zafin rana da sanyin asubar hunturu za su riƙa karkatar da layin. Kuma ka nisanta eriya da inbata da cajar sola, su ne ke cika mana hotuna da ratsi a unguwannin nan.

Tsohon injiniya, Sabon Gari: In za ka bar ta kwana, nemi laftof mai batir. Da damina kuma, ka ji cida, cire eriyar.

Mai tambaya, Tudun Wada: Alhamdu lillahi! Na buɗe ALL.TXT, ga ta nan a 0541, har layi biyu, -22 da -21, lamba ɗaya. Sautin dai ban samu ba tunda ban kunna Save ba, amma yanzu na kunna. Baba, Allah Ya ƙara girma, na gode ƙwarai. Malam na PZ, in ba damuwa zan shigo shagonka ranar Asabar bayan la'asar da laftof ɗin ƙanena, ka nuna mini saitin Argo.