Finafinan rayuwar masu zane: da wanne za a fara?

A hirar da muka yi kan finafinan da ke ba da labarin masu zane, kusan kowa da Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya buɗe baki. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da Lust for Life na 1956, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayinsa, don a ga talaucin da ya sha da yadda ƙaninsa Theo ke aiko masa kuɗin fenti da na abinci. Daga nan sai Loving Vincent na 2017, wanda ni ma nake bayansa ɗari bisa ɗari. Masu zane sama da 100 ne suka zana hotunansa kusan 65,000 ɗaya bayan ɗaya da fentin mai, har kana ganin sawun burushi yana motsi a sararin sama da fuskokin mutane. An ce a kalle shi a babban allo, domin a waya rabin kyawun yana ɓacewa.

Masu son labarin jinya da juriya suka kawo Frida na 2002, kan Frida Kahlo 'yar Meziko, wadda haɗarin bas ya karairaya tana da shekara 18, ta kama zane a kwance, da madubi a saman gadonta. An dai ja kunne cewa ba na kallo da yara ba ne.

An kuma ambaci My Left Foot na 1989, labarin Christy Brown ɗan ƙasar Ailan da ke zane da rubutu da ƙafarsa ta hagu. Wasu suka ƙara da cewa kafin a kunna kowane fim, a nemi ainihin zanen mutumin a intanet a ƙare masa kallo tukuna.